Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen tantance shirin ƙananan asibitoci na duba sankarar mama

Duk lokacin da watan Oktoba ya matso, watan da gidajen rediyo ke cika da maganar sankarar mama, sai a buga fom, a ɗebi matasa a ba su horon kwana biyu, a watsa su ƙananan hukumomi su gano ko asibitocin matakin farko sun shirya fara duba mata. Bayan 'yan makonni rahoto ya fito da jadawali masu launi, waɗannan sun shirya, waɗancan da saura. A kafa rumfa a jera kujeru a ƙaddamar da shiri. Kafin damina ta zagayo komai ya lafa, matan da aka taɓa wa ƙullutu a mama kuwa babu wanda ya san inda suka kwana. Idan ka jera irin waɗannan rahotanni ka karanta, kurakuransu iri ɗaya ne kamar daga hannu ɗaya suka fito, kuma na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗawa ramin da na gabansu suka faɗa.

Abin ba na wasa ba ne. Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na shekarar 2022 ya nuna mata fiye da dubu 30 ne ke kamuwa da sankarar mama a Najeriya a shekara guda, kuma fiye da dubu 16 ke mutuwa da ita. Wani bincike da ya bi matan ƙasashen Afirka biyar, aka wallafa a 2020, ya samu cewa cikin kowace mace 100 da aka gano wa cutar a asibitocin Najeriya da ke cikin binciken, 36 ne kawai ke raye bayan shekara uku. Babban dalili shi ne yawancinsu sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu suke isa hannun likita. Asibitin unguwa shi ne ƙofar farko, don haka rahoton da ya yi ƙarya a kan wannan ƙofa ya cuci mata da yawa.

Ba a san abin da aka je aunawa ba

Abu biyu ne daban, amma fom ɗaya ake cakuɗa su. Na farko shi ne awon masu lafiya, wato a kira matan da ba su jin komai, masu wasu shekaru da aka ƙayyade, a duba su, a sake kiransu bayan shekara ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne gano cuta da wuri ga matar da ta zo da kanta ta ce tana jin wani abu a mamanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da raba su, kuma shawararta a fili take: inda mafi yawan mata ke zuwa a makare, a fara gyara na biyun kafin a yi maganar na farko. Shirin da ta ƙaddamar a 2021 kan sankarar mama ya tsaya a kan ma'auni uku. A gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala binciken tabbatar da cuta cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su gama magani har ƙarshe.

Awon masu lafiya na buƙatar jerin sunayen matan mazaɓa, da hanyar kiransu, da hanyar sake kiransu, da babban asibitin da zai iya ɗaukar ƙarin cunkoson da za a jawo masa. Asibitin da bai iya kai mace ɗaya mai ƙullutu ga sakamakon gwaji ba, me zai yi da mata ɗari biyar da aka yi wa shela? Ni dai a saman kowane fom nakan rubuta da hannu wanne cikin biyun nake aunawa, kuma ina raba shafi gida biyu, kowanne da hukuncinsa. Sau da yawa amsar gaskiya ita ce, ya kusa shiryawa ga mai ƙorafi, amma awon masu lafiya da sauran tafiya.

Daga wannan ruɗani ne ake samun fom ɗin da aka kwafo daga wata ƙasa yana tambayar ko akwai na'urar mamogiram, wato ta ɗaukar hoton cikin mama, a asibitin ƙauye, a ba shi sifili a wuce. Wannan na'ura tana son wuta tsayayya, da mai ɗaukar hoto, da likitan da zai karanta hoton, kuma ba ta gani sosai a maman mace mai ƙuruciya saboda kaurin tsokarsa, alhali matanmu da yawa 'yan shekara arba'in da wani abu ne cutar ke kamawa. Wurinta babban asibiti ne. Abin da za ka rubuta shi ne ina mafi kusa da ke aiki a yau, kilomita nawa, nawa ake biya. Aikin ƙaramin asibiti da hannu ake yinsa, kuma hannu ba abin rainawa ba ne. A birnin Mumbai na Indiya an bi mata fiye da dubu 150 masu shekara 35 zuwa 64 har tsawon shekara 20, mata ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba suna duba rabinsu da hannu duk shekara biyu. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna an riƙa gano cutar kafin ta yi nisa, kuma a cikin waɗanda suka kai shekara 50 mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

Zama a ofishin inchaji

Ga yadda ake yi. Mai tantancewa ya iso wajen ƙarfe sha ɗaya, a shigar da shi ofis, a kawo masa ruwan leda, ya buɗe fom a kan cinya. Kuna duba mama a nan? Muna yi, ranka ya daɗe. Akwai ɗakin dubawa? Akwai. Akwai gado? Akwai. Cikin minti ashirin ya cika shafi shida bai taka ƙofar ɗaki ko ɗaya ba. Inchaji, wato shugaban asibitin, bai yi ƙarya da gangan ba, baƙo ya zo daga sama kuma babu mai son a rubuta asibitinsa a baya. Laifin na mai tambayar ne.

Tsarin tantance asibitoci na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira SARA ya bambanta abin da aka gani da abin da aka ce akwai amma ba a gani ba, kuma a kan kayan aiki yana tambaya ko suna aiki. Ni abin da ban gani ba sifili nake ba shi, ko da makullin sito yana hannun wanda ya tafi ta'aziyya. Gani ya kori ji. Tashi ka shiga ɗakin. Danna gadon ka ji ko ƙafarsa ɗaya bulo aka tokare ta da shi. Rufe ƙofar ka ga ko sakata na shiga. Sa abokiyar aikinka ta tsaya kusa da gadon, kai ka zagaya waje ka tsaya ta taga inda masu jiran allura ke zama. Idan ka hango kafaɗarta, to babu matar da za ta cire riga a ɗakin nan, komai yawan wa'azin da aka yi mata. Sau da yawa za ka tarar ɗakin da aka kira na dubawa shi ne hanyar zuwa wurin ba da magani, ko nan firjin rigakafi yake, ana shiga ana fita duk minti biyar. Dubi haske kuma. Lotsawar fata da jan da ke kan mama ba sa ganuwa a ɗaki mai duhu, a baƙar fata ma sun fi ɓuya, don haka kashe fitila ka ga abin da taga kaɗai ke bayarwa, tunda ranar da babu wuta ta fi yawa.

Haka batun ma'aikata. Kada ka karɓi jerin sunaye, nemi jadawalin aiki na watan da ake ciki. A takarda za ka ga ungozoma ɗaya da mata biyu masu shaidar CHEW, wato ma'aikatan lafiyar al'umma, a ƙasa kuwa ɗaya tana hutun haihuwa, ɗaya an yi mata canjin wurin aiki tun bara, ta ukun ranar awon ciki kawai take zuwa. Tambayar ita ce, ranar Laraba da azahar, idan mace ta shigo ta ce tana son ganin malama, wa za ta tarar? A yankinmu idan namiji ne kaɗai a bakin aiki, yawancin mata za su ce ciwon kai ne ya kawo su, su karɓi farasitamol su koma gida da abinsu.

Satifiket

Wannan yana cikin biyun da suka fi ɓata min rai. Fom ya ce, akwai wanda aka horar? A nuno takarda mai tambari a jikin bango, a yi alamar e. Wane irin horo? Galibi taron yini ɗaya ne a zauren otal, mutum tamanin, majigi da hotuna, shinkafa da lemo, babu wanda ya taɓa ko maman roba. Wadda ta fito daga irin wannan taro za ta shafa mama da tsinin yatsa na rabin minti ta ce wa mace lafiyarta ƙalau. Wannan kalma ta fi rashin dubawa illa, domin matar da malamar asibiti ta ce mata babu komai ba za ta dawo ba sai abin ya fashe. Kai kuma da ka ba wannan hannu maki, da kai aka yi.

Dole a ga hannun yana aiki. Ka tafi da maman roba mai ƙullutai a ciki, kuma tawagarka ta kasance da mace ƙwararriya da za ta tsaya a ɗaki idan wata mara lafiya ta amince. Abin da za ta lura da shi ga shi. Shin malamar ta yi tambaya kafin ta taɓa: tun yaushe, yana girma, akwai ruwa ko jini daga kan nono, tana shayarwa, yaushe ta ga al'ada, akwai uwa ko 'yar'uwa da ta yi irin ciwon? Shin ta duba da ido mace na zaune, hannu a sake, sannan a ɗage sama, sannan a riƙe ƙugu a danna, tana neman bambancin girma, lotsawa, fata mai kama da ɓawon lemo, kan nono da ya shige ciki ko ya yi ƙuraje? Shin ta kwantar da ita rigingine, hannu a bayan kai, don maman ya baje a kan ƙirji? Taɓawar da cikin yatsu uku na tsakiya ake yi, a shimfiɗe, ana murzawa a ƙananan da'irori kamar faɗin kwabo, kowane wuri sau uku: sama-sama, tsaka-tsaki, sannan da zurfi har a ji haƙarƙari. A bi layi-layi daga sama zuwa ƙasa kamar kunyoyin gona, ba a tsallake ko ɗaya, daga ƙashin ƙasan wuya zuwa ƙarƙashin mama, daga tsakiyar ƙirji zuwa tsakiyar hammata. Ɓangaren sama na wajen hammata shi ne inda cutar ta fi fitowa, kuma shi ne masu gaggawa suka fi bari. A ƙarshe a lalubi hammata da saman ƙashin wuya don neman kaluluwa. Duba agogo. Mama ɗaya matsakaici yana cin kamar minti uku. Wadda ta gama duka biyun cikin minti ɗaya ba ta duba ba.

Bayan hannu, sai hukunci. Nakan ba da misalai uku da baki in ji amsa. Budurwa mai shekara 19 da ƙullutu mai santsi da ke zillewa a ƙarƙashin yatsa. Mace mai shekara 47 da ƙullutu mai tauri marar zafi. Mai shayarwa da mama ya kumbura ya yi ja, ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har ta gama bai sauka ba. Ta ukun ce ke kayar da mutane. Sai ka ji an ce a canza mata magani, a sake canzawa, wata uku ana abu ɗaya, daga nan ta gaji ta tafi wajen wanzami a yi mata sakiya. Kumburin shayarwa da bai ji magani ba cikin mako ɗaya zuwa biyu na babban asibiti ne, domin akwai nau'in sankara da ke zuwa da ja da zafi da kumburi ba tare da ƙullutu ba. Wadda kuma ta ce ƙullutun da ba ya ciwo ba abin damuwa ba ne, rubuta ta a jerin masu buƙatar horo tun daga tushe, ko satifiket nawa ta rataye.

Yi lissafin lokaci ma. Da tambaya da cire kaya da dubawa da rubutu, mace ɗaya na cin kusan minti goma. Idan shirin ya ce a duba kowa ranar awon ciki, kuma mata sittin ke zuwa wa malama ɗaya, awa goma ke nan banda awon cikin kansa. Ba zai yiwu ba, kuma abin da za ka samu shi ne rajista cike da alamar an duba.

Takardar da ta fita ba ta dawo ba

Ga babban kuskuren, wanda ake biya da ran mace. Fom na da layi ɗaya: akwai tsarin tura mara lafiya? A ɗauko kundin takardun turawa daga durowa, a kaɗe ƙura, a yi alamar e. An yi tuya an manta da albasa. Duba mama ba ya warkar da kowa. Amfaninsa kawai shi ne ya kai mace ga allurar ɗebo tsoka da sakamakon gwaji, daga nan zuwa magani. Idan hanyar a yanke take, abin da ka yi shi ne ka tsorata mace, ka sa ta kwana ba barci, ka sa kishiya da maƙwabta sun ji labari, sannan ka sake ta. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, kuma sa hannunka ne a ƙasan rahoton da ya ce a fara.

An riga an gwada an gani. A tsakiyar shekarun 1990 an fara wani babban gwaji a birnin Manila na Filifin, ma'aikatan lafiya suna duba mata da hannu. An samu dubbai masu ƙullutu, amma kashi 35 cikin 100 kawai suka bi har ƙarshen bincike, da yawa suka ƙi zuwa duk da an bi su gida. Dole aka tsayar da gwajin bayan zagaye na farko. Hannayen sun yi aikinsu, abin da ke gaba ne ya rushe. Duk mai zuwa tantancewa ya kamata ya san wannan labari kafin a ba shi fom.

Hanyar da nake bi tana cin lokaci, shi ya sa ba a son ta. Buɗe rajista ka ɗauki mata goma na ƙarshe da aka tura saboda matsalar mama, in ba su kai goma ba ɗauki duk na shekara guda. In babu ko ɗaya a asibitin da ke ganin ɗaruruwan mata duk wata, wannan ma sakamako ne, yana nufin ba a dubawa ko ba a rubutawa. Takardar turawa mai ɓangare biyu ce, ɗaya ya kamata babban asibiti ya cike ya dawo da shi. Ƙirga guntaye nawa suka dawo. Sannan ka ɗauki sunayen ka hau mota ka je asibitin da aka tura su, da izinin hukuma a rubuce, ka nemi rajistar sashen tiyata. Mata nawa suka iso? Nawa aka yi wa sikanin? Nawa aka ɗebi tsoka? Nawa suka karɓi sakamako? Ga kowace, ƙirga kwanaki daga ranar farko a ƙaramin asibiti zuwa ranar sakamako, ka ajiye kusa da kwana 60 ɗin nan. Wannan lissafi ɗaya ya fi duk sauran shafukan fom daraja.

Waɗanda ba su iso ba a neme su, amma ba kai za ka kira ba. Malamar da ta duba su ce za ta kira, kuma ta sani cewa lambar da ke rajista sau da yawa ta miji ce ko ta ɗa. Ba a ambaton mama a waya, a ce malama na son ganinta kawai. Dalilan da za ka ji ba ɓoyayyu ba ne: babu kuɗin mota na mutum biyu, tunda ba za ta tafi ita kaɗai ba, maigida bai ba da izini ba, an ce mata daji ba ya son ƙarfe, ta je ranar da ba ta asibitin tiyata ba aka ce ta dawo, tsoron a yanke mata mama. Rubuta su yadda aka faɗa, kada ka dunƙule su a kalmar jahilci. Uku daga cikinsu da lambar waya ɗaya da sanin ranar da likita ke zama ake magance su.

A babban asibitin kuma kada ka tsaya a ofis. Wace rana likitan tiyata ke ganin masu ciwon mama? Wa ke yin sikanin, kuma ya saba da na mama ko na ciki kaɗai ya iya? Akwai allurar ɗebo tsoka ko sai an yi yanka? Ina ake kai tsokar? A jihohi da dama sai an kai asibitin koyarwa, Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Gwambe, kuma ɗan'uwan mara lafiya ake miƙa wa kwalba a leda a ce ya kai. Tambayi me ake zuba tsokar a ciki. Ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 ne, a saka cikin awa ɗaya da cirewa, ta jiƙu tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka saɓa, gwajin da ke nuna ko cutar za ta ji maganin homon irin su tamoxifen na iya lalacewa, a hana mace magani mai sauƙi da arha. Sai tambayar da ba a son ji: ana cire ƙullutu a jefar ba a kai gwaji ba? Ana yi, kuma mace ta tafi gida da ɗinki tana murna an cire mata ciwo, bayan wata takwas ya dawo ya cika hammata. Ƙaramin asibitin da ke tura mata irin wannan wuri bai shirya ba, ko da ɗakinsa na ƙyalli.

Tambayi kuɗi da alƙalami a hannu: kati, sikanin, ɗebo tsoka, gwaji, mota zuwa da dawowa sau nawa. Tambayi kuma ko malaman sun san da asusun tallafin masu cutar daji na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2021 a asibitoci shida, ciki har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da babban asibitin ƙasa na Abuja da asibitin koyarwa na tarayya a Gwambe. Amma a tuna tallafin na wadda aka riga aka tabbatar wa cutar ne, kuɗin isa ga tabbacin yana wuyan iyali.

Ƙananan da ke taruwa

Zuwa ranar da aka sanar tun mako guda: za ka tarar an share, an aro labule. Sanar da ƙaramar hukuma mako, kada ka faɗi rana. Ƙirga fastocin bango a matsayin wayar da kai, alhali da Turanci aka rubuta su kuma rana ta cinye launinsu. Ba wa safar hannu da auduga maki daidai da na ƙwarewa, bayan hannu tsirara da aka wanke da sabulu ya fi jin ƙullutu, safar kuwa sai ga mama mai rauni ko mai fitar da ruwa ake buƙatarta. Manta tef ɗin awo, sai a rubuta ƙullutu babba ko ƙarami maimakon santimita biyu ko biyar. Rajistar da ba ta da gurbin dama ko hagu, da wurin ƙullutu bisa fuskar agogo, da ranar da aka sa mace ta dawo. Ɗaukar koyar da mata duba kansu a matsayin shiri cikakke: an gwada wannan a Shanghai a kan mata fiye da dubu 260 bai rage mutuwa ba, don haka a koya musu sanin jikinsu da saurin zuwa asibiti, amma kada a rubuta shi a madadin hannun malama. Mantawa da cewa mafi yawan ƙullutai ba sankara ba ne, har a kasa sauraron yadda malama ke gaya wa mace sakamako, ko ta firgita ta ko ta yi mata ƙaryar kwantar da hankali. Tsallake kwamitin raya mazaɓa da ungozomar gargajiya da mai unguwa, alhali su ne za su lallashi maigida. Maza ma na kamuwa, ko da kaɗan ne, a tambayi malamai ko sun sani.

Tara maki a raba

A ƙarshe a zauna gaban kwamfuta a haɗa komai. A ce abubuwa ashirin ne a fom, asibiti ya samu sha takwas, a rubuta ya shirya kashi 90 cikin 100. Biyun da ya rasa kuwa su ne mace mai dubawa da hanyar turawa. An yi kitso da ƙwarƙwata. Bokitin shara da ma'aunin zafin jiki ba za su cike gurbin waɗannan ba, kuma lissafin da ya bar su suka cike shi ne ya haifi shirye-shiryen da ke mutuwa kafin damina.

Ni abu huɗu nake warewa in sa su a gaba, kowanne e ko a'a. Akwai mace a bakin aiki aƙalla yawancin ranakun mako wadda aka ga hannunta ya yi daidai. Akwai ɗakin da aka gwada sirrinsa daga waje. Akwai rajistar da za a iya bin mace da ita. Akwai shaidar cewa matan da aka tura sun kai ga sakamako, da adadin kwanakin. Wanda ya faɗi ɗaya bai shirya ba, sauran maki bayani ne na abin da za a saya. Wasu abokan aiki na ganin na tsaurara, suna cewa da wannan ma'auni asibitoci kaɗan ne za su tsallake. Haka ne, kuma gara a fara da biyar da ke kewaye da babban asibiti ɗaya mai aiki, a ƙara wasu idan hanya ta buɗe.

Kafin ka bar asibitin, zauna da inchaji da malaman ka karanta musu abin da ka rubuta, ka bar musu kwafi. Raba gyaran gida biyu. Na wannan mako: sakata, yadi huɗu na labule, kawar da firji zuwa wani ɗaki, babban littafi mai bango da aka ja wa layi da rula, lambar wayar nas ɗin sashen tiyata a manne a bango tare da ranar da likita ke zama. Na hukuma: horo da hannu a ƙananan rukuni, turo ƙarin mace, tsarin ɗaukar tsoka zuwa ɗakin gwaji. Rubuta ranar dawowarka bayan wata uku a littafin baƙi, kuma ranar da ka dawo, kafin gaisuwa ta yi nisa, ka nemi guntayen takardun turawa ka ƙirga.